Sigina mai bolt 24 a ƙafar aisi mai bolt 3.3: ina karant ɗin yake zuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da sensa mai aiki da bolt 24, wayarta ta kai mita 15. Na haɗa ta da ƙafar maikurokontirola mai bolt 3.3 ta cikin rizisto kilo-om 1, saboda an ce mini akwai dayod na kariya a cikin aisin. Aisi biyu sun ƙone. Na ukun yana aiki, amma yakan sake tashi da kansa, kuma ko na kashe wutar bod ɗin sai in ga fitilarsa tana ɗan haske. In na ƙara zena mai bolt 3.3 matsalar za ta kau?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zena, wato dayod ɗin da ke tsayar da bolteji a wata lamba, ita kaɗai ba za ta raba ka da wannan matsala ba, kuma zan nuna maka dalili da lissafi. Amma bari mu fara da fitilar nan da ka ambata daga ƙarshe kamar ba wani abu ba ce, don ita ta tona asirin abin da ya cinye maka aisi biyu (IC, 'yar ƙwayar lantarki mai ƙafafu da ake liƙawa a bod). Ruwa ba ya tsami banza. Bod ɗin da aka yanke wa wuta ba shi da abin da zai haska fitila da shi. In ka ga haske, to wuta na shigo masa ta ɓarauniyar hanya, hanyar kuwa ita ce ƙafar nan da ka ɗaura wa sensa.

Wanda ya ce maka akwai dayod a cikin aisin bai yi ƙarya ba, rabin magana ya faɗa maka. Bayan kowace ƙafar shigar sigina ta aisin CMOS, wato tsarin da ake ƙera yawancin maikurokontirola da shi, akwai ƙofar tiransisto, tsakaninta da sauran silikon ɗin kuwa wani siririn bango ne na oksaid da kaurinsa bai wuce 'yan nanomita ba. Bangon yana hujewa idan ƙarfin da ke kansa ya kai wajen bolt 1 a kowace nanomita, in kuwa ya huje ya huje ke nan, babu gyara. Shi ya sa masu ƙera aisi suke dasa dayod biyu a bakin ƙafar: ɗaya daga ƙafa zuwa layin wutar aisin, wanda ake rubutawa VCC ko VDD, ɗaya kuma daga layin ƙasa, wato GND, zuwa ƙafa. Muddin siginar tana tsakanin layukan nan biyu, dukansu a rufe suke. Da zarar ta haura VCC da kamar bolt 0.6, na saman ya buɗe ya kwashe rarar ya juye a layin wuta. In ta gangara ƙasa da sifili da kamar haka, na ƙasan ya buɗe.

An yi su ne saboda tartsatsin sitatik, irin wanda ke fita daga yatsan mutum lokacin da ake ɗaukar aisi ana liƙa shi a bod, abin da ke wucewa cikin ƙasa da maikurosakan ɗaya. Ba a yi su don su riƙa dakon karant dare da rana ba. Buɗe takardar bayanan aisinka ka nemi jadawalin iyakar ƙarshe, yawanci yana shafukan farko na bayanan lantarki. Dangin 74HC sun ce daga bolt 0.5 ƙasa da sifili zuwa bolt 0.5 sama da VCC, karant na dayod kada ya wuce miliamfiya 20. Tsofaffin dangin 4000 miliamfiya 10 suka yarda. Maikurokontirola STM32F103 miliamfiya 5 ne a ƙafa ɗaya, 25 in an tara na duka ƙafafun. Kamfanin Atmel, a takardarsa ta AVR182, ya ba da shawarar kada dayod ɗin maikurokontirolarsa ta AVR ya ɗauki fiye da miliamfiya 1. Sannan ka sani lambobin wannan jadawali bakin rami ne, ba wurin shimfiɗa tabarma ba.

Yanzu ɗauki biro. Sensa ta ba da bolt 24. Ƙafa ta tsaya a 3.3 da 0.6 na dayod, wato 3.9. Saura bolt 20.1 a kan rizisto kilo-om 1, ke nan miliamfiya 20 ne ke ratsa dayod ɗin duk lokacin da sensa ta kunna. In maikuronka, wato maikurokontirolar, irin STM32 ne, ka ninka abin da aka yarda sau huɗu. Riziston kansa yana shan wat 0.4, in mai kwatan wat ka sa, taɓa shi ka ji.

To amma ba nan gizo ke saƙar ba. Mutane da yawa suna tsayawa a kan ko dayod zai jure, su manta da tambayar da ta fi wannan: miliamfiya 20 ɗin da ya ratsa dayod, ina ya nufa? Layin bolt 3.3 na bod ɗinka ya faɗa. Regiletar da ke ba da wannan layi kuwa, irin su AMS1117 da 'yan uwanta, bayarwa kawai ta iya, ba ta iya karɓa ba. Kamar famfo take a bakin tanki: in ruwa ya yi ƙasa ta ƙara, in ya cika ta rufe, amma in wani ya zuro tiyo ta sama yana ɗura nasa, ba ta da magudanar da za ta zubar. Idan bod ɗinka yana cin miliamfiya 50 ba za ka ga komai ba, regileta za ta rage nata zuwa 30, sensa ta cike sauran. Ranar da abin da bod ke ci ya gaza abin da ke shigowa ta ƙafa, misali maikuro ya shiga barci ko yana tsakiyar risat, layin 3.3 zai hau. Kuma ba a hankali ba: miliamfiya 20 a cikin kafasito mai maikurofarad 20 yana ƙara bolt 1 a kowace milisakan, har sai wani abu ya fashe ya shanye rarar. Yawancin aisi masu bolt 3.3 iyakarsu ta ƙarshe tsakanin 3.6 ne da 4. Ka ga ke nan ba lallai ba ne ƙafar ce ta fara mutuwa. Ta layin wuta aka bi aka kashe aisin gaba ɗaya, kuma duk abin da ke shan wannan layi, memori ne ko rediyo, ya sha irin dukan.

Na ga wannan da idona a kan wani bod mai ƙafafun shigar sigina takwas, kowace da rizisto kilo-om 10 daga siginar bolt 12. A takarda babu laifi, ƙasa da miliamfiya 1 ne a kowace ƙafa. An gwada shi a tebur lafiya lau, da aka kai wurin aiki sai bod-bod ɗin suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Na ɗora mita a layin wuta, na kunna siginoni takwas ɗin gaba ɗaya, mita ta tsaya a 3.30 ko motsi ba ta yi. Na zauna ina kallonta, hannuna a kan waya. Bayan daƙiƙa talatin manhajar ta tura maikuro barci, nan take mita ta yi tsalle ta haura 4, na fizge wayar. Takwas ɗin sun haɗu sun ba da miliamfiya 6.5, bod ɗin kuma a barci ko 1 ba ya ci. A tebur ba wanda ya taɓa barinsa ya yi barci da siginoni a kunne. Rizisto kilo-om 3.3 daga kowace ƙafa zuwa ƙasa shi ya kashe maganar, domin ya mai da bolt 12 ɗin ya koma 2.98, dayod bai ƙara buɗewa ba.

Fitilarka ma labarin ɗaya ne. Ka kashe regileta, sensa ta ci gaba da ciyar da bod ɗin ta cikin dayod. Maikuro bai mutu ba bai kuma rayu ba, yana rataye a tsakiya. Da'irar da ke yi masa risat lokacin kunnawa tana son ta ga wuta ta taso daga ƙasa. In ta tarar da layin riga da wuta a kansa, tana iya ƙin yin aikinta, maikuro ya tashi a birkice.

Akwai kuma mugun abu na biyu da karant mai ratsa dayod ke tayarwa. Yadda ake jera silikon nau'in P da nau'in N a cikin CMOS yana haifar da wasu ɓoyayyun tiransistoci biyu, PNP da NPN, waɗanda ba wanda ya nemi a yi su, sun rungumi juna tsakanin VCC da GND. A kwance suke sai an tura musu isasshen karant ta ƙafa. In suka farka, kowanne yana riƙe ɗan'uwansa a kunne, su haɗe wuta da ƙasa kai tsaye, kuma ba sa saki ko da siginar da ta tashe su ta tafi, sai an yanke wuta. Sarƙewa ke nan. Alamarta aisi ya ɗau zafin da yatsa ba zai zauna a kai ba, in aka yi saurin kashewa aka kunna ya dawo kamar ba a yi komai ba, in aka makara ya tafi. Ƙa'idar JESD78 da ake gwada aisi da ita yawanci miliamfiya 100 take turawa. Naka 20 ɗin bai kai nan ba, amma waya mai mita 15 eriya ce. In kwantakta ko mota mai lantarki ta katse a kusa da ita, tsinin bolt 100 ba abin mamaki ba ne, bolt 100 kuwa a kan kilo-om 1 shi ne miliamfiya 100 ɗin. Ina kyautata zaton wannan hayaniya tana da hannu a sake tashin da na ukun ke yi.

Mu dawo kan zenarka. Zena mai ƙasa da bolt 5 ba ta da kaifin gwiwa, a hankali take buɗewa. Ɗauki BZX84C3V3: lambar 3.3 ɗin a miliamfiya 5 aka auna ta, kuma tsakanin 3.1 ne da 3.5. A miliamfiya 1 ƙasa da bolt 3 take tsayawa, a miliamfiya 20 kuwa tana iya kaiwa 4. Da riziston da kake da shi yanzu, ita da dayod ɗin ciki za su raba karant ne kawai. In ka ƙara girman rizisto, sai ta janye siginar ƙasa har maikuro ya fara kokwanton ko 1 ce ko 0. Babbar illar kuma tana nan: lokacin da bod ke kashe, dayod ɗin ciki yana buɗewa tun a bolt 0.6, zena kuwa ba ta farka ba tukuna. Fitilarka za ta ci gaba da haskenta. An gudu ba a tsira ba.

Abin da ake so shi ne a yi kariyar hawa-hawa: na bakin ƙofa ya karɓi babban duka, rizisto ya rage abin da ya wuce, abin da ya isa ƙafa ya zama bai kai ya buɗe dayod ɗin ciki ba.

A bakin kwanekta sa dayod ɗin TVS, mai danne tsinin bolteji na farat ɗaya. Ana zaɓarsa ne da boltejin da zai zauna a kai bai taɓa komai ba, wanda dole ya ɗara mafi girman abin da layin ke kaiwa cikin lafiya. Wutar bolt 24 ta masana'anta an yarda ta yi yawo daga 20.4 zuwa 28.8, don haka SMBJ33CA ya dace: yana shiru har bolt 33, in babban duka ya zo yana danne shi a 53.3. Na zaɓi mai harafin CA, mai aiki ta fuska biyu, don in wani ya juya wayoyi kada ya zama gajeriyar hanya ya ƙone. Lura da lambar 53.3 ɗin, domin nan ake yawan yin kuskure. TVS ba ya tsayar da bolteji a lambar da ke jikin sunansa. SMBJ5.0A da mutane ke sa wa layin bolt 5 sai a 9.2 yake dannewa in duka ya yi ƙarfi, ka ga shi kaɗai bai isa ya kare ƙafar aisi ba. Haka kuma na ɗan lokaci ne. In babban bolteji ya zo ya zauna, sai da fis ko rizisto a gabansa.

Inda ka dasa shi ma ya kai zaɓensa muhimmanci. Gwajin sitatik na IEC 61000-4-2 yana sauke kafasito mai fikofarad 150 ta cikin om 330. A kilobolt 8 karant yana kaiwa amfiya 30 cikin ƙasa da nanosakan ɗaya. Gwajin da ake yi wa aisin kansa, na fikofarad 100 da kilo-om 1.5, a kilobolt 2 wajen amfiya 1.3 ne kawai, ka ga tazarar. Layin tagulla a bod yana da kamar nanohenri 1 a kowace milimita. Santimita ɗaya kacal tsakanin TVS da ƙasa, a irin wannan saurin, tana ƙara wajen bolt 300 a kan abin da TVS ya danne. Saboda haka manna shi a jikin kwanekta, ƙafarsa ta ƙasa gajeriya mai faɗi, kuma siginar ta bi ta kansa kafin ta wuce ciki, kada ya zama reshe a gefe.

Bayansa sa rizisto kilo-om 4.7 daga layin zuwa ƙasa, girman 1206 (lambar girman jikin riziston saman bod ce). Yana jan miliamfiya 5 a bolt 24, yana shan wat 0.12. Wannan kaya ne da gangan aka ɗora wa sensa: layin da ke jan karant ba ya saurin ɗaukar hayaniya, ɗan yoyon sensa ba ya zama siginar ƙarya, in kuma makunni ne mai bakin ƙarfe, karant ɗin yana taimaka wa bakin ya riƙa haɗuwa da kyau. Ƙa'idar IEC 61131-2 ta mashigan bolt 24 ma aƙalla miliamfiya 2 take nema daga mashigar da ke kunne.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Ta farko ita ce raba bolteji: kilo-om 47 a jere, kilo-om 6.8 zuwa ƙasa. Bolt 24 ya koma 3.03. Sai kafasito nanofarad 10 a kan na ƙasan, wanda zai tace duk abin da bai kai wajen maikurosakan 60 ba. Sai BAT54S, dayod ɗin Shotki biyu a jiki ɗaya, ɗaya zuwa 3.3 ɗaya zuwa ƙasa. A miliamfiya 1 bai wuce bolt 0.32 ba, don haka yana riga na ciki buɗewa. Sai ƙaramin rizisto kilo-om 1 tsakanin BAT54S da ƙafar. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa, kuma shi ne mai raba gardama: in duka ya yi ƙarfi Shotki ya hau zuwa bolt 0.8, bambancinsa da 0.6 na ciki zai sauka a kan wannan rizisto, abin da zai shiga aisin bai wuce miliamfiya 0.2 ba. Ko TVS ya kai 53.3 ɗinsa, wajen rabin miliamfiya ne kawai zai bi Shotki.

Hanya ce mai kyau, amma tana da ƙunci biyu da ba zan ɓoye maka ba. Ƙafar CMOS tana tabbatar da 1 ne daga kashi 70 cikin 100 na VCC, wato bolt 2.31, wanda ke nufin sai layin ya kai 18.3. In wuta ta sauka 20.4, sensa ta ci bolt 2 nata, kana bakin gaɓa. In ka gyara rabon don ka samu sarari a ƙasa, sai ka rasa shi a sama. Na biyu, in bod na kashe sensa na kunne, har yanzu kusan rabin miliamfiya zai bi Shotki zuwa layin wuta. Ba zai iya haura wajen 2.7 ba, don haka ba ya kisa, amma yana iya riƙe maikuro a rataye.

Shi ya sa a aikinka ni hanya ta biyu zan bi, wato tiransiston NPN guda ɗaya, BC547 ko 2N3904 ko ƙanensu na saman bod, mai ƙafa uku: bes, emita da kwalekta. Kilo-om 47 daga sigina zuwa bes, kilo-om 4.7 da kafasito nanofarad 10 daga bes zuwa ƙasa, emita a ƙasa, kwalekta zuwa ƙafar maikuro da rizisto kilo-om 10 mai jan ta sama zuwa 3.3. Dubi abin da ya faru: karant ɗin sensa duk ƙasa yake tafiya ta bes da emita, babu wata hanya da zai bi ya kai layin 3.3. Ƙafar maikuro ba ta taɓa ganin abin da ya wuce wutarta. Ka kashe bod, fitila ta mutu murus. Yana kunnawa a wajen bolt 7, tsakanin 5 da 11 ɗin da ƙa'idar IEC 61131-2 ta ware wa mashiga nau'i na 3, saboda haka ko wuta ta yi ƙasa kana da sarari. In an juya wayoyi, bolt 24 na baya yana isa bes a matsayin 2.2, shi kuwa yana jure 6. Abin da za ka biya kawai shi ne siginar ta juye, sensa a kunne maikuro ya karanta 0, layi ɗaya ne a manhaja. In ba maikuro ba ne a bayan, aisin lojik ne zalla, sa mai mashigar Shimit, wadda matakin kunnawarta da na kashewarta dabam suke, irin 74HC14, don siginar da kafasito ya sassauta tana sa mashiga ta gama-gari rawar ɗari a tsakiya.

Idan kuwa sensar tana shan wuta daga wani tushe dabam, a wani akwati mai nisa, to layukan ƙasanku biyu ba lallai su zama daidai ba, kuma babu riziston da ke maganin wannan. Nan ofto ake nema, mai ratsa sigina da haske. PC817 da rizisto kilo-om 4.7 zai samu kusan miliamfiya 5 daga bolt 24. Ko mafi raunin cikinsu yana ba da rabin wannan a ɗaya ɓangaren, kai kuwa miliamfiya 0.33 kake bukata da riziston jan sama na kilo-om 10, ke nan akwai rarar da za ta ɗauki tsufan fitilarsa. Haɗa 1N4148 a juye a kan fitilar, don bolt 6 kacal take jurewa ta baya. Kuma kada ka haɗe ƙasan ɓangarorin biyu, in ka haɗe ka rushe katangar da ka sayi ofton dominta.

Wani tarko da nake so ka sani, ko da bai same ka ba tukuna, shi ne ƙafafun da aka ce suna jure bolt 5, waɗanda STM32 ke yi wa alamar FT. Suna jurewa ne saboda babu dayod ɗin sama a kansu. Ma'ana dabarar rizisto a jere, wadda ta dogara da wannan dayod, ba ta aiki a nan: babu mai danne komai, bolt 24 zai nufi ƙafar gaba ɗayansa. Haka ƙafar risat ta ATmega328P, wadda aka bari ba dayod ɗin sama don ana shigar da bolt 12 ta nan wajen wani nau'in rubuta manhaja, iyakarta 13. Ƙafafun Raspberry Pi kuwa na 3.3 ne, ko bolt 5 ba a yarda a ba su ba. Kada ka ɗauka duk ƙafafun aisi ɗaya uwa ɗaya uba ɗaya suke, duba jadawalin ƙafafu.

Duk abin da na faɗa na sigina mai tafiyar hawainiya ne irin ta sensa. Kilo-om 47 da fikofarad 10 na ƙafa kaɗai sun ci kusan rabin maikurosakan, don haka ba za ka bi da sigina mai sauri irin ta SPI ta nan ba. In bolt 5 ne mai sauri zai shiga aisin 3.3, nemi bafa daga dangin 74LVC, kamar 74LVC245 ko ƙaramin 74LVC1G17: mashigansu suna karɓar har 5.5 suna shan 3.3, kuma ba sa mayar da wuta baya in an kashe su. CD4050 ma tsohon hannu ne a wannan aiki in saurin bai yi yawa ba. A nan ne zena ke da rana: mai bolt 5.1 a gaban mashigar LVC tana da kaifin gwiwa, ƙasa take zubarwa, ba ruwanta da layin wuta. In kuma ƙafar ta awon analog ce, yi hattara da Shotki, yoyonsa yana ninkuwa da zafi, maikuroamfiya 2 a kan kilo-om 100 kuskuren bolt 0.2 ne, BAV199 ya fi dacewa a can.

Takardar AVR182 da na ambata tana nuna yadda ake kai wutar gida ƙafar AVR ta cikin rizisto mega-om 1. Kada ka gan ta ka kwaikwaya a bod ɗin da hannu ke taɓawa ko ake jona wa kwamfuta. Babu katanga a wannan tsari, bod ɗin gaba ɗaya yana zama mai kisa. Rizisto ma yana da iyakar bolteji ban da ta wat: 0805 yawanci 150 ne, 1206 kuma 200, wutar gida mai 230 kuwa tsininta 325.

In ka gama haɗawa, gwaji uku nake so ka yi, mita a kan layin 3.3. Kashe bod ka bar sensa a kunne: da tiransisto ya kamata ka ga sifili. Kunna bod, tura maikuro barci, ɗaga siginar zuwa bolt 30 da wutar gwaji mai iyakance karant: layin ya tsaya a 3.3. Sannan juya wayoyin siginar na ɗan lokaci ka taɓa kayan ka ji ko wani ya ɗau zafi.

Aisi na ukun nan kuwa, ko da yana aiki, ya sha miliamfiya 20 na tsawon lokaci. Zare wuta da wayar sensa da riziston, juya mita zuwa gwajin dayod, jan tsinke a kan ƙafar, baƙi a kan VCC, ka rubuta abin da ka gani. Lafiyayyen dayod yakan nuna tsakanin 0.5 da 0.7. Juya, ja a GND baƙi a ƙafar, ka sake rubutawa. Yi haka ga ƙafar da ke maƙwabtaka da ita, irinta, wadda ba a taɓa jona wa komai ba. In lambobin sun yi nisa da juna, ko ɗaya ta nuna kusan sifili, canza aisin kafin ka mayar da bod ɗin bakin aiki.